Sojan da Ba Ya Son Ƙarin Igiya: Yadda Za Ka Bi da Shi Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, yawanci daga ƙananan hafsoshin da ba su daɗe da karɓar filatun, wato ƙaramin rukunin sojoji, ba, sai kuma masu igiya uku da aka ɗora wa kula da yara. Kusan kalmomin ma iri ɗaya ne: "Ina da yaro, aikinsa ba a cewa komai, amma da zarar an zo ɗaukar sunayen masu tafiya kwas ɗin ƙarin girma sai ya noƙe. Yaya zan yi da shi?"

A rundunar sojan ƙasa ta Najeriya, da wuya ka ga sojan da zai ƙame a gabanka ya ce maka ba ya son girma. A fakaice yake faɗa. Ranar da za a tantance masu tafiya sai ya wayi gari a layin asibiti. Ko ya nemi fas, wato izinin tafiya, na gaggawa. Ko ya shiga jarrabawa ya miƙa takarda rabi babu rubutu, alhali kai ka san ya fi ƙarfin tambayoyin. Shekara ta zagayo, waɗanda suka fito Defo na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, bayansa sun ɗaura igiya ta biyu, shi yana nan da ɗaya, ko ma babu.

Na ga an ɓata irin waɗannan yara ta hanya biyu. Wasu an matsa musu da gwale-gwale har suka tsani kakin. Wasu an yi watsi da su, ba wanda ya taɓa tambayarsu dalili, har ranar da suka karɓi takardar sallama suka ga abin da fanshonsu ya kama. Duka biyun sakacin shugaba ne. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi, kuma jerin matakan yana da muhimmanci, kada ka tsallake na farko ka faɗa na biyar.

Abin da za ka tanada

Fayil ɗin sojan daga ofishin bataliya. Kundin sharuɗɗan aikin soja, wanda a bariki ake kira HTACOS, kuma ka tabbata bugun da aka sabunta a ƙarshen 2024 ne a hannunka, don har yanzu akwai ofisoshin da tsohon kwafi ke kwance a aljihun tebur. Jadawalin albashi na yanzu daga ofishin biya. Littafi guda na rubuta ganawa, mai bango mai ƙarfi, wanda ba a yage masa shafi. Sai wuri mai ƙofa da za a iya rufewa.

Kuɗin da za ka kashe bai wuce na littafi da biro ba. Abin da zai ci maka shi ne lokaci: zama uku ko huɗu na kamar minti 40 kowanne, a cikin wata biyu zuwa uku. Wanda ba zai iya ba da wannan ba, gara ya miƙa maganar ga samanjan kamfani tun da wuri.

1. Fara da fayil, kafin ka kira shi

Ka zauna da fayil ɗin kai kaɗai. Abin da kake nema shi ne ranar da abu ya canza. Yaushe ya shiga aiki, yaushe ya sami igiyarsa ta ƙarshe, waɗanne kwasa-kwasai ya yi, wane maki ya ci, sau nawa aka gurfanar da shi, ina da ina aka tura shi. Sau da yawa za ka ga yaron yana tafiya daidai da tsararsa har zuwa wata shekara, daga nan komai ya tsaya cak. Duba me ya faru a wannan shekarar. Wataƙila lokacin ya dawo daga Arewa maso Gabas. Wataƙila lokacin ya faɗi jarrabawa karo na biyu, ko aka cire sunansa daga jerin kwas aka sa na wani.

Daga nan ka tambayi mutum biyu da suka san shi: sajen filatun ɗinsa da samanjan kamfani. Tambayar aiki kawai za ka yi musu, yaya yake a sintiri, yaya yake da na ƙasa da shi.

Gargaɗi: ka tabbata shi ne ya ƙi, ba takarda ce ta maƙale ba. Na taɓa shafe mako biyu ina jin haushin wani las-kofur, ina ganin raini ne ya hana shi neman kwas, ashe sakamakon wani kwas da ya riga ya ci ne ba a taɓa shigar masa a fayil ba. Ya bi sawu har ya gaji, ya haƙura ya yi shiru. Laifin ofishinmu ne, kuma da na fara da faɗa da na zalunce shi.

2. Raba ƙin girma da ƙin umarni

Nan ne ƙananan hafsoshi suka fi tuntuɓe. Rashin sha'awar girma ra'ayi ne a zuciyar mutum, kuma ba a gurfanar da soja saboda abin da ke zuciyarsa. Amma idan sunansa ya fito a oda cewa ya tafi kwas ranar kaza, wannan ya zama umarni. Ƙin bin halastaccen umarni laifi ne a ƙarƙashin sashe na 56 na Dokar Rundunonin Soja, ɓacewa daga bakin aiki ba izini kuma yana sashe na 59.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne: duk maganar da za ku yi, ku yi ta kafin sunansa ya hau oda. Da zarar ya hau, hannunka ya ɗaure, nasa ma haka. Don haka idan ka san akwai matsala, je ka sami kwamandan kamfani ka roƙi a jinkirta sa sunansa zuwa zagaye na gaba, ka faɗi dalili da wa'adin da kake buƙata.

Gargaɗi: kada ka tura sunansa a ɓoye don ka ƙure shi. Ko dai ya tafi ya faɗi da gangan, an yi asarar gurbin da wani ke nema ido rufe, ko ya ƙi tafiya ka jawo masa gadurum da tabo a fayil. Haka nan kada ka huce a kansa da ƙarin gadi, ko hana fas, ko tsallen kwaɗo a gaban yara. Sashe na 179 na dokar ya ba soja damar kai kuka idan yana ganin an zalunce shi, kuma a irin wannan shi ke da gaskiya.

3. Ganawar farko: kai ne mai saurare

Kada ka kira shi daga kan fareti a gaban jama'a, kowa zai ɗauka laifi ya yi. Aika masa da safe cewa kana son ganinsa bayan an tashi. Idan ya shigo ya sara, ka sassauta masa, ka ba shi kujera. Yawancinsu za su zauna a bakin kujerar, hula a kan gwiwa, suna jiran a karanto laifi. Ka fara da abin da ya yi daidai, kuma ka ambaci takamaiman abu, don ya san ka lura da shi da gaske.

Ga yadda wata ganawa ta kasance tsakanina da wani kofur direba, wanda sau uku yana zille wa kwas.

Na ce, "Kofur, motarka ce kaɗai ba ta taɓa kwana a hanya ba a bana. Na gani. Amma tsararka duk sun ɗaura ta uku. Me ke faruwa?"

Ya ce, "Ba komai, sa. Lafiya lau."

Na yi shiru. Na bar shirun ya yi tsawo har ya fara murza hular.

Can ya ce, "Sa, ni dai a bar ni da motata."

Na ce, "To. In an ba ka igiyar, me kake ganin za a raba ka da shi?"

Wannan tambayar ita ta buɗe bakinsa, kuma ita nake ba kowa shawara ya yi. "Me ya sa ba ka so?" tana sa mutum ya kare kansa. "Me za ka rasa?" tana sa ya faɗi abin da yake riƙe da shi. Shi dai wannan, mahaifiyarsa ce ke kwance da shanyewar ɓarin jiki a gidansa na bariki, kuma yana tsoron girma ya zo da canjin wurin aiki.

A wannan zama kada ka yi wa'azi, kada ka kawo lissafin kuɗi, kada ka ba da labarin yadda kai ka sha wahala ka kai inda kake. Kashi uku cikin huɗu na maganar nasa ne. In ya ƙi buɗewa, ka sallame shi da mutunci ka sa wata rana bayan mako biyu. Wani ba zai taɓa faɗa wa hafsa ba, amma zai faɗa wa RSM, wato babban samanjan bataliya, wanda yara ke kira Baba, ko limamin bariki, ko fasto. Ka nemi izininsa kafin ka haɗa su.

Gargaɗi: kada ka yi alkawarin rufa asirin da ba za ka iya rufawa ba. Tun farko ka gaya masa cewa abin da ya shafi iyalinsa zai tsaya a ɗakin, amma abin da ya shafi lafiyar mai riƙe da bindiga dole ya kai ga likita da kwamanda. Idan soja mace ce, ka bar ƙofa a buɗe ko ka sa wata babbar soja mace ta zauna.

4. Gano wane irin "ba na so" ne

Wannan shi ne zuciyar aikin, don maganin wani guba ne ga wani.

Wanda na fi yawan gani shi ne mai tsoron takarda. Ya iya bindiga, ya iya daji, yara na jin maganarsa, amma Turancin rubutu ya yi masa nauyi, kuma ya gwammace a ce masa malalaci da a ce masa jahili. Ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba. Yadda za ka gane shi: ba shi ɗan rahoton sintiri ya rubuta maka layi goma. In ya kawo da rubutun hannun wani, ko ya ce zai faɗa da baki, ka samu amsa. Maganinsa mai sauƙi ne amma yana son sirri. Ka haɗa shi da malamin sashen ilimi na bataliya, ko wani saje mai haƙuri, awa ɗaya sau uku a mako, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da karatun taswira. A yi masa bayani da Hausa ko harshen da ya fi ji, sannan a mayar da shi Turanci. Wata uku na irin wannan kan sauya mutum. Kada ka sa shi aji ɗaya da yaran da yake ba umarni.

Na biyu shi ne wanda ya dawo daga fagen daga da nauyi a zuciya. Wannan ya fi kowanne buƙatar a bi shi a hankali. Kofur shi ke riƙe da sashe na mutum kamar goma, shi ke nuna wanda zai shiga gaba. Wanda ya taɓa ganin an nuna abokinsa ya shiga gaba bai dawo ba, yana iya rantsewa a ransa cewa shi ba zai taɓa nuna ɗan wani ba. Wani ya taɓa ce mini, "Sa, gara a aike ni da in aiki wani." Alamominsa su ne rashin barci, firgita da ƙarar ƙofa, saurin fushi, keɓe kai, wani lokaci shaye-shaye. Wannan ba aikinka ba ne kai kaɗai, kuma "ka yi haƙuri, kai namiji ne" ba magani ba ce. Ka raka shi asibitin bariki da ƙafarka, likita ya duba ko yana buƙatar a tura shi babban asibitin soja kamar na 44 da ke Kaduna ko na 68 da ke Yaba a Legas. Maganar igiya a ajiye ta gefe har sai ya samu kansa. Wanda ya ɗora wa irin wannan mutum sashe da ƙarfi ya ɗauki alhakinsa da na mutum goman.

Na uku, mai larurar gida, kamar direban nan. Mara lafiya, yara a makarantar bariki, mata mai shago a kasuwar mami, gona a bayan gari. Ga sojoji mata kuma, goyo da rashin mai riƙe yara na makonnin kwas. Yawanci wannan ba ƙi ba ne, jinkiri yake nema. Ka tambayi ofis ko girman zai jawo canjin wuri da gaske, don sau da yawa tsoron ya fi gaskiyar girma. In larurar ta tabbata, a rubuta ta a kai wa kwamanda. Magajiyar bariki da ƙungiyar matan sojoji kan taimaka da riƙon yara in an nemi taimakonsu ta hanyar da ta dace.

Akwai mai fushi, wanda aka taɓa tsallakewa ya ga an ba wanda bai kai shi ba. Kada ka kare abin da ba ka sani ba, kuma kada ka zagi na sama don ka faranta masa. Ka bincika. In an yi kuskure, ka bi masa a rubuce.

Akwai mai tsoron rabuwa da abokai, don igiya ta uku tana fitar da mutum daga cikin yara ta kai shi mes na saje da warant-ofisa, da kuɗin mes da ake yanka duk wata, da dokokinsa. Akwai mai ɓoye ciwon gwiwa ko baya saboda tsoron gwajin lafiya. Akwai wanda ya riga ya yanke shawarar barin aiki, yana ƙirga kwanaki.

Sai na ƙarshe, wanda shi ne mafi ƙaranci: mutumin da ya san kansa, yana son sana'arsa, ba ya son shugabanci, kuma babu wani ciwo a ƙarƙashin maganar. Kada ka yanke cewa yaronka wannan ne sai ka kore duk sauran.

5. Ku zauna ku yi lissafi

Zama na biyu ko na uku ke nan. Ka ɗauko jadawalin albashi da farar takarda, ka ba shi biron ya rubuta da hannunsa. Albashinsa na yau, albashin igiyar gaba, bambancin a wata. A matsayin misali kawai, a ce bambancin naira 10,000 ne: a shekara 120,000 ke nan, a shekara 10 kuma naira miliyan 1 da dubu 200, ba a ma sa girman da zai biyo baya ba.

Sannan ka kai shi inda yawancin yara ba sa hangowa. Sojoji ba sa cikin tsarin fansho na karo-karo, an fitar da su tun 2011, Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja ce ke biyansu. Giratuti da fansho ana lissafa su ne a kan albashin da mutum ya bar aiki da shi da yawan shekarun da ya yi. Ma'ana igiyar da ya ƙi yau za ta bi shi har tsufa, ta taɓa abin da iyalinsa za su karɓa in ta Allah ta kasance. Ka buɗe kundin sharuɗɗan aiki ku karanta tare abin da ya ce a kan shekarun da ake yi a kowane muƙami da sharuɗɗan sabunta wa'adin aiki, don soja ba shi ke sabunta wa kansa ba, sai hukuma ta amince, kuma fayil take dubawa.

Ka kuma faɗa masa abin da girman zai ci masa, kada ka ɓoye: makonnin kwas nesa da gida, ɗan kuɗin da mutum kan kashe daga aljihunsa kafin alawus ya fito, sa hannu a kan makamai da kayan da in sun ɓata shi za a tambaya, da kiran dare idan yaronsa ya yi rigima a gari. Idan ka faɗi daɗin kaɗai zai gane talla kake yi.

Gargaɗi: kada ka faɗi adadi daga ka. Kada kuma ka yi barazanar kora da ba ta cikin kundi. Ranar da ya gano ƙarya ce, duk sauran maganarka ta zube. Ka ba shi takardar lissafin ya tafi da ita gida. Sau da yawa uwargida ce ke ƙarasa aikin da ka fara.

6. Ɗanɗana masa kafin ka ɗora masa

Mutum kan ji tsoron abin da bai taɓa ɗauka ba. Ka ba shi ƙaramin nauyi mai iyaka: ya koya wa sababbin yara uku kwance bindiga da haɗa ta na mako biyu, ko ya riƙe jadawalin gadi na mako guda, ko ya jagoranci gyaran motoci kafin dubawar kwamanda. Ka zaɓi abin da ya riga ya ƙware a kai. Ka gaya masa ranar farawa da ranar gamawa, ka tsaya daga nesa, in ya yi kuskure ka gyara masa a keɓe.

Bayan an gama ka tambaye shi abin da ya fi masa wuya. Wasu a nan suke gane cewa shekara da shekaru suna shugabanci ba su sani ba, sunan ne kawai babu.

Gargaɗi: wannan gwaji ne, kada ya zama hanyar samun saje a farashin kofur. Na ga inda aka bar mutum yana riƙe da sashe shekara biyu ba igiya ba ƙarin ko kwabo, ana cewa ai shi ya ce ba ya so. Wannan cin gumi ne. Kuma kada a yi gwajin a bakin daga, inda kuskure ke cin rai.

7. Rubuta, a sa hannu, a kai sama

Kowane zama ka shigar da shi a littafi a ranar: kwanan wata, waɗanda suka halarta, abin da aka bayyana masa, abin da ya ce da kalmominsa, abin da aka yanke, da ranar sake zama. Ka karanta masa, in da buƙata ka fassara, ya sa hannu. Sirrin rashin lafiya da na iyali kada su shiga dalla-dalla, "larurar gida, an sanar da kwamanda" ta wadatar.

Rubutun yana kare ku duka biyu. Bayan shekara biyar, in ya ce ba wanda ya taɓa gaya masa, ga shafi. In wani sabon shugaba ya zo yana son ya kira shi malalaci, ga shafi.

A rahoton shekara ka rubuta gaskiya ɓangare biyu: aikinsa na da kyau, a yanzu bai shirya ɗaukar shugabanci ba, ga dalili, ga matakin da ake ɗauka. Kada ka rage masa makin aiki don haushi, kada kuma ka ba da shawarar a ƙara masa girma don kawai ka rabu da maganar.

8. Idan ya tsaya a kan bakansa

Ka yi duk na sama, ya fahimci lissafin, lafiyarsa ƙalau, ya ce shi dai a bar shi. To, ka karɓa. Runduna na buƙatar makanike da ya san injin kamar tafin hannunsa, da mai oba-oba, wato mai rediyon sadarwa, da ba ya rikicewa ana ruwan wuta. Sojan Amurka sun taɓa samun muƙamai na musamman ga irin waɗannan gwanaye, albashi na hawa ba tare da an ba su mutane ba, har suka ƙarasa soke na saman a 1985. Mu a nan abin da ke hannunka shi ne ka tura shi ta hanyar sana'a. Makarantar injiniyoyin lantarki da kanikanci tana Auchi, ta sufuri da kayan masarufi tana Benin, ta sadarwa tana Apapa, ta injiniyoyin soja tana Makurɗi, ta igwa tana Kachiya, ta motocin sulke tana Bauchi. Wanda ke gudun kwas ɗin shugabanci sau da yawa da gudu zai tafi na sana'arsa, kuma hawa ajin sana'a kan buɗe masa ƙofar girman daga baya in ya sauya ra'ayi. Takardar kuma za ta yi masa amfani ranar da ya je cibiyar koyon sana'a ta masu shirin ritaya da ke Oshodi.

Amma akwai sharaɗi, kuma ka faɗa masa ƙarara a gaban samanja. Yaron da ya koya wa ɗaure takalmin but zai zo ya zama sajensa. Ranar nan zai ƙame masa, ya amsa umarninsa, ba gunaguni, ba "yaushe aka haife ka". Shi ya zaɓa. Shi ma sabon sajen ka ja shi gefe: ya ba dattijon girmansa na shekaru, ya nemi shawararsa a keɓe, kada ya wulaƙanta shi a gaban yara, amma umarni nasa ne. In ka ga zaman ba zai yiwu ba, ka nemi a sauya wa ɗaya filatun tun kafin a yi abin kunya.

Gargaɗi: ka sa ido a kan abin da yake gaya wa ƙanana. Tsohon soja mara igiya yana da kunnen yara fiye da hafsa. In yana ce musu girma wahala ce kawai, ko sai mai uwa a gindin murhu ke samu, cikin shekara guda za ka ga rabin filatun sun noƙe. Ra'ayinsa a kan kansa haƙƙinsa ne, sanyaya gwiwar wasu kuma batun ladabi ne, ka yi masa magana sau ɗaya a keɓe, in ya maimaita a bi ta hanyar doka. Haka nan in ƙin girman ya zo tare da lalacewar aiki, makara, ƙazantar makami, to wannan ba maganar igiya ba ce kuma, a hukunta laifin da sunansa.

9. Sake buɗe maganar bayan wata shida

Ka sa rana a littafi, ka cika ta. Mutane na canzawa: mara lafiya ya warke ko ya rasu, an yi aure, an haihu, kuɗin makaranta ya taso. Direban nan, bayan rasuwar mahaifiyarsa da wata huɗu, shi ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar ofis ya ce, "Sa, in akwai gurbi a sa ni." Ba sai an yi dogon zama ba, tambaya ɗaya ta isa: "Kofur, maganarmu tana nan yadda take, ko an samu canji?" In ya ce tana nan, ka rubuta, ka sa wata ranar.

Idan kai aka yi wa canjin wuri kafin lokacin, kada ka bar maganar a bakin wani. Ka sa ta cikin takardar miƙa aiki, ka zauna da wanda zai gaje ka minti goma ka nuna masa shafin, sannan ka kira sojan ka gabatar da shi, don ya san wanda zai nema idan ya shirya.